Inna Ta Ce Da Sauƙi

Ban taɓa tsanar wata magana kamar yadda na tsani "da sauƙi" a daminar da Inna ta kwanta ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, in ka yi tari a taka, maƙwabci ya ce maka sannu daga tasa. Mu Kirista 'yan gidaje ne kaɗan, da ɗan cocinmu mai rufin kwano. Shekarar ce mai ya yi tsada, zuwa Kano ya zama abin da sai an zauna an yi shawara, taki kuwa sai dai mu ji labarinsa.

Da kumburin ƙafa abin ya fara. Muka sayar da tunkiya, na kai ta asibiti a birni. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun sun gaji, sai an riƙa yi mata wankin ƙoda a kai a kai. Inna ta saurare shi tsaf, ta yi masa godiya, ta ce mini mu tafi, gyaɗarta na jiran noma. Ba ta sake taka gonar ba.

Daga nan aka shiga zuwa dubiya. Matan zumunta su zo da waƙa, Fasto ya zo da addu'a, Hajiya maƙwabciyarmu ta aiko da kunun tsamiya, ita ma ta biyo bayansa. Kowa ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Ya jiki?" Matar da ta wuni tana amai, wadda ko juyawa sai na juya ta, sai ta gyara murya ta ce, "Da sauƙi, mun gode wa Ubangiji." Su kuma su ce madalla, su tafi da murnarsu, su bar ni da kwanon amai.

Na san haka ake cewa, ba a bayan gari aka haife ni ba. Amma ni abin da ke cina daban ne. Yayana, ɗan farinta, yana gadi a Fatakwal. Duk Lahadi bayan an tashi coci yakan kira, ta karɓi waya ta juya fuska bango, don ko sunansa ba ta faɗa saboda kunyar ɗan fari, balle ta ce tana son ganinsa. Ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Shi kuma ya ce to, sai Kirsimeti in Allah ya kai mu. Ni da nake wanke ta na san ba za ta ga Kirsimeti ba.

"Inna, ki gaya masa gaskiya mana," na ce mata.

"Wace ƙarya na yi? Na kwana, na tashi. Wanda ya tashe ni zan kai ƙara wurin yaro?"

"Ba ƙara ba ce. Ɗanki ne."

"Yesu ya san inda yake, ya san inda nake. In ya ga dama zai haɗa mu."

Raina ya ɓaci. Na ce ai Yesu ba shi zai hau mota daga Fatakwal ba. Ta dube ni ta ce tun ina goye bakina ya fi ni girma.

Na kai kuka wurin Fasto, ya ce bangaskiyar Inna abin koyi ce, in yi haƙuri. Na je wa Hajiya, ina tsammanin ita za ta goya mini baya, sai ta yi dariya. "'Yar nan, ai ko mu haka ne. Mai ciwo bai cewa babu sauƙi, butulci ne." Ashe a kan wannan magana coci da masallaci bakinsu ɗaya. Na dawo gida ina jin haushin kowa, har da Allah, ban kuwa ɓoye masa ba. Ina surfe ina ce masa, ita ta dogara gare ka, ni ka bar ni da ɗawainiya.

Lahadin da gero ya fara fitar da kai, waya ta yi ƙara, na riga Inna ɗauka. Na tsaya a gabanta don ta ji da kunnenta. "Yaya, babu sauƙi. In kana son ka same ta, ka taho." Ranar ko kunu ba ta karɓa daga hannuna ba, sai da Hajiya ta zo ta ba ta.

Ran da zai iso, ta sa na yi mata wanka, ta ɗaura zanen zumunta, ta sa kwalli, aka jingina ta da bango, ta ja mayafi ta rufe ƙafafu. Ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa, ya durƙusa.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ya juyo ya harare ni. Na ga maganar na zuwa, cewa na tayar masa da hankali, na sa ya bar aiki a banza. Ban jira ba, na yaye mayafin. Ƙafafun sun yi kamar turmi, fatar tana ƙyalli, tana tsattsafo da ruwa. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora goshi a kansu, ƙaton mutum yana kuka.

Inna ta kau da kai, amma hannunta ya sauka a ƙeyarsa, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. "Ku ƙafa kuke kallo," ta ce. "Ni na san wanda yake riƙe da ni." Can ta ƙara, ba tare da ta dube ni ba, "Ga shi ya haɗa mu."

Na buɗe baki in ce ni na kira shi, sai na rufe.

Ya zauna har aka yanke gero. Shi ya ɗaure damin farko, shi kuma ya fara saran kabarinta. Har yau ban gama sanin wa ya fi gaskiya tsakanina da ita ba, haushin ma bai gama fita ba. In na je dubiya yanzu ba na cewa ya jiki. Nakan zauna kusa in ce, "Wa kike so a kira miki?"