Sifikun Mansir Mai Inji

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan kasuwar Wunti ya san Mansir mai inji, in bai san sunansa ba ya san farar girarsa. Garin masara ne ya yi masa furfura tun yana saurayi, kafin ta Allah ta zo ta tarar an riga ta. A bakin injin nan ya yi aure, a nan ya aurar da 'ya'ya, da shi ya gina ɗan gidansa a Gwallameji tun wurin yana rabin daji. Mutane suna cewa mafaɗaci ne, don in zai ce maka sannu sai ka ɗauka zagi ne. Ba faɗa ba ne, wanda ya wuni a cikin rugugi ba ya sanin ya ɗaga murya.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin nan ba abin da ya tsana irin hayaniya. Ranar Juma'a ba ya buɗe inji. In ya sauko daga masallaci sai ya shige ɗaki ya kunna tsofaffin kiɗe-kiɗensa na garaya da gurmi da kukuma, waɗanda ya tara a kaset tun da ƙuruciya, daga baya aka juye masa su a memori. Shi ba waƙar ce ma ta fi damunsa ba. Abin da yake bi shi ne ɗan kukan da tsirkiya take yi in yatsa ya sake ta, da numfashin da mawaƙi yake ja kafin ya ɗauko baiti.

Matarsa Saudatu ce ta fara lura. Waya za ta yi ta kuka a aljihunsa yana zaune yana kallon bango. Da ƙyar ta tura shi asibiti. Likita bai ɓoye masa komai ba: injin ya ci kunnen, siraran sauti su ne suke fara tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Sauran ma a kan hanya suke, sai dai a rage musu gudu.

Mansir bai yi wata-wata ba, ya sayar da injin. Ya ce wa Saudatu, tunda kunnen tafiya zai yi, kafin ya gama tafiya yana son ya ji kiɗan nan sau ɗaya yadda aka yi shi, ba ta bakin ragargajajjiyar rediyonsa ba.

Nan ya fara zarya shagon Izuchukwu, wani Inyamuri mai sayar da kayan sauti, wanda ya daɗe a Bauchi har yana zagi da Fillanci. Da farko Izuchukwu ya yi masa abin da yake yi wa kowa, ya nuna masa manyan akwatuna masu fitilu, ya murɗa ɗaya har kwalaben shagon maƙwabci suka hau rawa. Mansir ya toshe kunne ya ce a kashe.

"Ni ba ƙara na zo saya ba," in ji shi. "Ƙara na sayar na zo nan."

Izuchukwu ya dube shi da kyau, sannan ya ce, "Baba, dawo gobe da memorinka."

Washegari ya ja ƙofar shago, ya kashe fanka, ya shiga ciki ya fito da wasu 'yan sifiku biyu na katako, kowace ba ta wuce kwanon awo ba, amma in ka ɗaga sai ka ce dutsen guga. Na hannu ne, daga Turai suka shigo cikin kaya, kuma su ke nan gare shi. Ya gwada masa wasu iri biyu tukuna: ɗaya gindin ganga ya danne komai, ɗaya kuma tana tsawa kamar ana yaga kwano. Da ya jona na katakon, ya zaunar da Mansir a tsakiyarsu, garaya ta taso. Tsohon nan ya ji yatsan, ya ji numfashin, har tarin wani ɗan amshi ya ji, wanda shekara da shekaru bai san yana cikin kaset ɗin ba.

"Baba, abu ɗaya," in ji Izuchukwu yana naɗe su. "Wannan na ɗaki ne. Kar a fitar da shi fili, kar a sa masa babbar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti. Zai mutu."

Da Mansir ya biya ya kai su gida, Saudatu ta zagaya su ta ce, "Malam, yanzu inji guda ka bayar ka karɓo 'yan tagwayen nan?" Maƙwabta ma suka yi ta leƙowa, kowa ya fita yana girgiza kai, wai Inyamuri ya yi masa wayo. Bai kula su ba, ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. 'Yan makonnin nan su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Har Saudatu ta koma ɗauko tsintar shinkafarta tana zama a bakin ƙofa in ya kunna.

Sai 'yarsu Rukayya ta haihu a Tirwun, namiji. Ana gobe suna, surukinsa Alhaji Hafizu, uban mijin yarinyar, ya zo da kansa. Bayan an gaisa an sake gaisawa, ya ce sun yanke shawarar za a yi wa Malam Mansir takwara. Mansir yana cikin godiya, sai Alhaji ya ƙara da cewa, af, ya ji labarin an sayi sifiku 'yan Turai, mata kuwa suna da taro da yamma, na mai kiɗan da aka ɗauko ɗaya ta lalace.

To, ku gaya mini, da wane baki zai ce a'a? Suruki ne, a cikin ɗakinka, ya kawo maka takwara bakinsa bai ko bushe ba. Mansir ya ɗan yi ƙoƙari, ya ce ai ƙanana ne, na ɗaki ne, ba za su ɗauki fili ba. Alhaji Hafizu ya yi dariya ya ce, "Haba Malam Mansir, kayan Turai ai ba a raina su." Shi ke nan. Mansir da hannunsa ya naɗe su a bargo ya kai su mota. Wannan ita ce karar da muke taƙama da ita, mutum ya yanka kansa da kansa yana murmushi don kada a ce ya yi rowa.

Da safe ya je aka raɗa suna, aka yi addu'a, ya dawo gida. Abin da ya biyo baya Saudatu ce ta gani da idonta. Mai kiɗan ya ɗora su a kan benci a tsakar rana, ya jona su da amfilifayarsa mai girman akwatin lefe, janareta yana ta faman ihu a gefe. Mata suka ce ba sa ji, ya murɗa. Suka ce a ƙara, ya ƙara. Saudatu ta taso za ta yi magana, wata daga dangin miji ta ce, "Kakar jariri, yau ma rowar za a yi mana?" Ta koma ta zauna. Ba a gama waƙa ta biyu ba aka ji ƙauri.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba ƙonewar ba ce. Bayan kwana biyu sai ga Keke Napep a ƙofar gidan Mansir, Alhaji Hafizu a gaba, a baya kuma wani ƙaton akwati mai tayoyi, mai fitilu ja da kore, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Sifikun Mansir kuwa an cuso su a buhun bakko. Alhaji ya ce tsautsayi ne, amma shi ba ya cin haƙƙin mutum, ga madadi, wanda ya ninka waɗancan sau goma. Kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ya yi, shi ne abin haushin. Unguwa ta taru ana sa albarka, ana cewa Malam Mansir ya yi goshi, ya ba da kaza an mayar masa da sa. Aka kunna abin a ɗakinsa don gwaji, kwanukan Saudatu suka hau kaɗawa a kabad. Mansir ya tsaya a gaban jama'a ya yi wa surukinsa godiya, har da raka shi bakin titi.

Izuchukwu ya buɗe sifikun ya shinshina, ya ce koyil, naɗin wayar da ke ciki, ya ƙone ƙurmus. Za a iya naɗa wani, za su yi magana, amma ba da muryarsu ba. Ya yi alkawarin zai sa a nemo masa irinsu, sai dai ba ranar zuwa. Mansir ya tura ƙaton akwatin zaure, inda har yau masu biki suke zuwa ara, ba ya ko tambayar wa ya ɗauka.

Damina ta wuce, aka yi kaka, aka shiga wata shekarar, sannan Izuchukwu ya aiko cewa an samo. Saudatu ta raka shi, don yanzu ba ta barinsa ya tsallaka titi shi kaɗai. Aka ja ƙofa, aka kashe fanka, aka zaunar da shi, aka sa garayar nan tasa. Mansir ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya matso da kujera.

"Waɗannan ba su kai waɗancan ba," in ji shi. "Ganga kawai suke fitarwa. Ina tsirkiyar?"

Izuchukwu ya dubi Saudatu. Ita kuwa tana jin tsirkiyar tar, har da numfashin mawaƙin, sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi.

"Baba, kamfani ɗaya ne," in ji Izuchukwu a hankali. "Wannan ma ya fi wancan sabunta."

Mansir ya ce me ya ce, Saudatu ta maimaita masa a kunne. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi memorinsa, ya sa a aljihu, ya ce wa Izuchukwu ya sayar wa mai rabo, amma don Allah ya zaɓi wanda ba shi da suruki a kusa. Ya riƙe hannun Saudatu suka fita neman keke.