Alhamis ɗin da na share tarihin Oga

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani bene kusa da Ƙofar Doka, ni da Oga, mu biyu da kwamfuta ɗaya, a tsakiyar shekarun casa'in. Aikinmu tattara jerin tsofaffin littattafan hannu da ke gidajen malamai a cikin birni: wane gida, wane littafi, warƙa nawa ta rage. Manhajar da ke riƙe da jerin, Oga ne ya rubuta ta, shekara huɗu yana gyara ta. Mutumin Wusasa ne, Kirista, dogo mai sanyin magana. Ni kuwa ɗan Ƙofar Kibo ne mai gaggawa, ko shayi ba na bari ya huce.

Kwamfutar tana da wata ma'ajiya. Duk gyaran da aka yi wa fayil, sai ta adana tsohon, ta rubuta sunan mai gyaran da ranar, ta ba shi layi ɗaya ya faɗi dalili. Ni "an gyara" nake rubutawa in wuce. Oga kuwa hira yake yi a wurin. "Na gyara abin da na ɓata jiya, Allah ya shirye ni." "Ruwa ya tare ni a Ƙofar Galadima, a zauren wani malami na gano kuskuren." Har ranar da aka haifi autarsa tana ciki.

Muna da abokan aiki a Kaduna da su ma suke taɓa manhajar, su aiko mana gyaransu a faifai ta hannun direban mota. Faci muke ce masa, kamar na taya, domin ba fayil ɗin ba ne gaba ɗaya, umarni ne kawai: cire wannan layi, sa wancan. Sai dai ma'ajiyarsu ba irin tamu ba ce. Tasu da lamba ta san fayil, ko an sauya masa suna tana biye da shi. Tamu suna kawai ta sani. In suka sauya sunan fayil, facin da zai iso mana cewa zai yi an kashe wannan, an ƙirƙiri wancan sabo.

Shi ya sa Oga ba ya liƙa faci sai ya buga shi a takarda, ya bi shi layi layi da wata rular katako. Yakan ce mini, "Malam, in ka ga fayil ya ɓace ɗungurungum, wani ya fito da layuka iri ɗaya, shi ne dai, riga ya sake. Fara mayar da tarihinsa ƙarƙashin sabon sunan da hannunka, sannan ka liƙa." In ce to, a raina kuwa ina cewa wannan ɓarnar takarda ce.

Da damina Oga ya rasu, bayan jinyar kwana tara. Na je gaisuwa Wusasa. Da zan tafi, matarsa, malamar firamare ce, ta rako ni bakin ƙofa.

"Malam, ya ce mini yana rubuta 'yan maganganu a cikin injin nan naku," in ji ta. "A gida ba ya rubuta komai, ko wasiƙarsa ɗaya ba ni da ita. Ka buga mini su a takarda, saboda yaran."

Na ce in Allah ya yarda mako mai zuwa. Mako ya zama wata guda. Tsoro nake ji, gaskiya. Sau biyu na buɗe tarihin, na karanta layi uku, na ji muryarsa sak a bayan kunnena, na kashe kwamfutar na sauka ƙasa na tsaya wajen mai gyaran keke.

Wata Talata faci ya zo. Mutanen Kaduna sun sami sababbin injuna da ba sa karɓar suna mai tsawo, suka gajarce sunayen fayilolin duka. Ban sani ba, domin ban karanta ba. Rular tana nan kan teburinsa inda ya bar ta. Na kalle ta, na kau da kai, na liƙa facin. Manhajar ta tashi lafiya lau, har na yaba wa kaina.

Cikin kwamfutarmu ba shi da girma, don haka duk Alhamis kafin a tashi mukan share tarihin fayilolin da aka kashe, a sami wuri. Oga da kansa ya koya mini. Alhamis ɗin nan injin ya nuna fayil goma sha tara da aka kashe, ya tambaye ni ko na tabbata. Na lura sun yi yawa. Wallahi na lura. Amma an kira la'asar, na danna, na ɗauki hulata.

Sai mako na gaba na daure na zauna zan cika alkawari. Na buɗe fayil na farko: gyara ɗaya tak, da sunana, ranar Talata, dalili "an sa faci". Na biyu haka. Na goma sha tara haka. Aikin mutum na shekara huɗu ya koma ƙarƙashin sunana. Na zazzage faya-fayan ajiyarmu, manhajar ce kawai a ciki, tarihin ya fi ƙarfinsu. Na hau mota zuwa Kaduna, suka nuna mini nasu tarihin, babu kalmar Oga ko ɗaya. Na yi musu masifa son raina, alhali na san mai laifin.

Ranar Asabar na koma Wusasa hannu rabbana. Na faɗa mata komai, har da rular. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta shiga ɗaki ta fito da littafin rubutu irin na ɗalibanta, ta zauna, ta cire murfin biro.

"To, faɗa mini waɗanda ka tuna."

Na faɗi na ruwan Ƙofar Galadima, na faɗi na haihuwar auta. Da kyar na kai bakwai. Biron yana tsaye a kan takardar.

"Ni bai taɓa ambata ni ba?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

Na ji bakina yana cewa, "Akwai ɗaya. Ya ce, Malama ta ce in dawo da wuri yau, gobe na ƙarasa."

Ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Shi ke nan kuwa, haka yake."

A lokacin na san ƙirƙira na yi. Yanzu ban sani ba. Shekaru ke nan ina jin layin nan da muryarsa, har ina ganin sa da koren rubutu a fuskar kwamfutar, kuma babu inda zan duba. Abin da na tabbata na gani da idona shi ne hannunta: ta rubuta shi na takwas, ta ja layi, ta sa sunansa a ƙasa.