Jirgin da Inna Take wa Addu'a

Shekarar da wani sabon kamfani ya fara jigila daga Kano zuwa Sakkwato, ta saman gonarmu ta Kabo ɗan jirginsa yake bi da hantsi. Kakata Inna takan ajiye ƙwaryar tatsa ta ɗaga hannuwa: "Allah ya kai ku lafiya, ku gaida mana Ma'aiki." A wurinta duk jirgin sama Makka za shi. Na gaji da faɗa mata 'yan kasuwa ne a ciki. Da jiragen suka ƙaru, addu'ar ma ta ƙaru.

Sai bayan rasuwarta na hau jirgin nan na Sakkwato. Gajimare ya yaye, ga gonaki shimfiɗe kamar tabarmi har Gwarzo. Na manna goshi a taga ina neman mai ɗaga mana hannu. Shanu kawai na gani.