Lawali da layin zafin madara

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar aminina Lawali, kuma har yau in na ga madara a kan wuta, hannuna nake fara dubawa.

A farkon shari'a a Zamfara muna aiki a wata ƙaramar masana'antar yogot a Kaura Namoda. Madarar daga Gurbin Bore ake kawo ta. Ana dafa ta a wata na'ura mai farantan ƙarfe jere: ruwan zafi na bi ta gefe ɗaya, madara ta ɗaya gefen, ba sa haɗuwa, zafin kaɗai ke ƙetarawa. Akwai ƙaramin akwati da ke buɗe bawul ɗin ruwan zafin yana rufewa da kansa, bisa wasu lambobi uku da aka sa masa. Ni ne mai tsaron na'urar, Lawali ne makanikinmu.

Akwatin nan ya hana mu sakat. Yau madara ta yi ƙauri, gobe ba ta dahu ba. Ni kuwa ina ji da kaina. Da na ga zafi ya hau sai in rufe bawul da hannu, da ya sauka in buɗe, kamar mai janye itace daga murhu. Ranar da muka zubar da madara karo na uku, Alhaji mai masana'antar ya ce in aka sake, in nemi wani aikin. Lokacin matata na da tsohon ciki.

Lawali bai taɓa na'urar ba. Ya ba Bulus, abokin aikinmu, agogo da takarda, ya ce ya riƙa rubuta zafin madarar kowane minti. Bulus Kirista ne, don haka ko mun tafi sallar azahar yana nan yana rubutu. Bayan kwana uku Lawali ya zuba lambobin a jadawalin kwamfutar ofis, ya fitar da zane. Layin ya yi ta hawa da sauka kamar akuyar da ta tsinke, sai a wuri ɗaya kowace rana ya lafa.

Ya kira ni, mu biyu kawai. "Sani, ka ga inda ya lafa? Lokacin muna masallaci na. Sauran duk hannunka na."

Kunya ta kama ni. Ya bayyana mini cewa zafi ba ya isa ga madara nan take, sai ya ɗan jima, ni kuma ba na jira.

Da waɗannan mintocin na azahar ya yi aiki. Ya koya wa jadawalin halin na'urar, sannan ya bar kwamfuta tana gwada lambobi ukun nan, tana sauyawa, tana neman waɗanda za su fi kusanto da zafin inda ake so. Abin da ni zan shekara ina lalube, ta gama shi kafin shayinmu ya huce. Ya sa wa akwatin sababbin lambobin, ya ce in zuba hannuwana a aljihu. Na tsaya ina kallon zafin ya hau a hankali, ya kai inda ake so, ya zauna.

Yanzu hanyar Gurbin Bore ba ta biyuwa yadda aka saba, madara ta daina zuwa, masana'antar ta rufe. Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da ya ga yadda kowa ke ɗaukar mataki kafin ya auna komai. Ina jin zai nemi agogo da takarda ne tukuna.

Sai bayan jana'izarsa Bulus ya gaya mini cewa Alhaji ya tsare Lawali a makon da muka zubar da madarar nan, ya ce ya faɗa masa laifin wa ne. Lawali ya nuna masa tsofaffin lambobin akwatin, ya ce ga inda ɓarnar ta faro, kuma gaskiya ya faɗa. Zanen da ya nuna mini kuwa bai taɓa nuna wa kowa ba.

Ɗan da matata ta haifa a wannan shekarar yanzu shi ke ciyar da ni. Allah ya jiƙan Lawali. Ya rasu ban yi masa godiya ba, don ban san akwai abin godiyar ba.