Ranar Da Na Kulle Likita a Sito

Jama'a, ni direba ne, ba ni da wani dogon karatu, kuma ban iya ƙawata zance ba. Abin da zan faɗa maku ya faru da ni shekaru takwas ko tara da suka wuce, lokacin ina jan motar marasa lafiya a wani asibiti da ke yankinmu na Kankiya da Kusada. Ba zan kira sunan asibitin ba. Amma na rantse da Wanda raina ke hannunsa, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

A daminar shekarar aka turo mana wani matashin likita daga birni, cikin masu neman ƙwarewar nan da ake kai su karkara su yi 'yan watanni. Zan ce mashi Dakta Bashir, ba shi ne sunansa ba. Su biyu ya kamata su riƙa karɓa-karɓa, to ɗayan aka yi mashi rasuwa ya tafi gida, ba a turo kowa ba, sai aiki ya dawo kan mutum ɗaya. Ɗakin haihuwa shi, ɗakin yara shi, wanda fartanya ta sara shi, wanda babur ya kayar shi. Kwana ukku cur ban ga yaron nan ya kwanta ba. Shayi kawai yake ɗurawa, da goro, wanda da ko warinsa ba ya so.

Rana ta ukku muka yi sallar azahar tare, yana gefena a sahu. Aka yi sujada, liman ya ɗago, kowa ya ɗago, Dakta bai ɗago ba. Har aka sallame goshinsa na ƙasa, yana munshari. Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don da safiyar nan na gan shi ya soki hannun wata tsohuwa sau huɗu yana neman jijiya.

Na je na samu Sista Hajara, babbar nas ɗinmu, mace mai faɗa amma mai tausayi. Na ce, "Sista, yaron nan zai kashe wani, ko ya kashe kansa."

Ta ce, "To ni na haife shi? Sau nawa na ce ya kwanta? Da ya sa haƙarƙari ƙasa sai a buga mashi ƙofa."

Na ce a kai shi inda ba mai buga ƙofa. Akwai wani sito a bayan ɗakin haihuwa inda ake tara katifu da kwalaye, ƙofar ƙarfe ce, tagarsa kau ko kyanwa sai ta matse za ta wuce. Muka lallaɓa shi ya shiga. Yana cire takalmi yana cewa, "Baba direba, awa ɗaya fa. Don Allah ka tashe ni, kada ka ji tausayina." Na ce to. Na jawo ƙofa na danna kwaɗo, don na san 'yan jinya, da sun ji inda yake za su bi shi har can. Na jefa makulli a aljihu.

Nan na yi wautar da har yau nake jin ta a ƙirjina. Ko minti ashirin ba a yi ba aka ce in kai gawar wani dattijo gida a garin Ƙofa, ana so a yi jana'iza kafin la'asar. Na ta da mota na tafi, makulli na aljihuna, wallahi ko tunawa ban yi ba.

Na sauke gawa, na juyo, ga hanya ta jiƙe, mota ta kafe a laka. Ina cikin roƙon wasu manoma su tura ni sai ga wayar Sista. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Ina makullin? An kawo mace daga Bauranya, ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa, mabiyiya ba ta fita duka ba. Mun yi ta dukan ƙofa bai amsa ba. Kai, in matar nan ta mutu..."

Wayar ta yanke. Na laluba aljihu na ji ƙarfe. Inna lillahi! Na shiga laka har gwiwa muna turawa, ina addu'a ina zagin kaina, kuma sai da na kwashe fiye da awa ɗaya kafin in shiga ƙofar asibiti.

Na iske wurin shiru. Na ce shi ke nan, ta tafi. Sai na ga mijin matar zaune bakin baranda, wani manomi dogo, rigarsa duk jini, yana cin gyaɗa. Ya ce mani, "Alhamdu lillahi, likita ya zo. Amma bawan Allahn nan ko kallona bai yi ba, ina yi mashi godiya ya wuce."

Na ce a raina sun fasa kwaɗon. Na zagaya baya. Ga maigadi tsaye da guduma a hannu, yanzu ya aro ta daga wurin mai walda, yana kallon ƙofa. Kwaɗo na nan a danne yadda na bar shi.

Sista ta fito ta ja ni gefe. Ta ce tana kan matar, ta rasa yadda za ta yi, sai kawai ta ji mutum a bayanta. Dakta ne, ba takalmi. Bai ce uffan ba, ya miƙo hannu ta sa mashi safar hannu, ya yi aikin nan tsaf, ya ciro abin da ya rage, jini ya tsaya, ya rubuta magani a fayil, ya fita. Ta ce, "Na ɗauka ka dawo ka buɗe mashi. Amma Baba direba, da na taɓa hannunsa, sanyi kamar randa. Kuma ban ga ya ƙifta ido ba ko sau ɗaya."

Na buɗe kwaɗon, mu ukku muna tsaye. Ga shi nan kwance kan katifa, rub da ciki, takalmansa a gefe inda ya cire su. Sai da na jijjiga shi da ƙarfi ya buɗe ido. Ya dubi agogo ya ce, "Haba Baba, awa ɗaya na ce maka." Bai san an kawo kowa ba.

Sista ta miƙa mashi fayil ɗin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce rubutunsa ne, sa hannunsa ne, kuma maganin daidai ne, abin da zai rubuta ke nan. Sai dai ya ce rabon da rubutunsa ya miƙe haka tun yana makaranta. Ya je ya leƙa matar, tana barci, jaririyarta a gefe. Uwar mijin ta gan shi ta hau sa mashi albarka, tana cewa ai shi ne, shi ne. Ya fito ya zauna kan dakali kusa da ni, yana murza kafaɗarsa ta dama.

Ya ce, "Baba, awa biyu na yi ina barci ko?" Na ce har da ɗoriya. Ya ce, "To me ya sa hannuna ke ciwo kamar yanzu na gama aiki? Na fi gajiya a kan lokacin da na kwanta." Can ya ce a hankali, "Ashe ko barcin ma ba a bar mani ba."

Na kai maganar wurin wani malami a Kusada. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in yi sadaka in kama bakina, Allah ne Masani. Matar ta warke, an sallame ta bayan kwana biyar. Dakta kau har ya gama watanninsa bai ƙara yarda ya rufe ido shi kaɗai a asibitin nan ba. In barci ya ci ƙarfinsa sai ya zo cikin motata ya kishingiɗa, ya ce in zauna in riƙa kallonsa, in tabbatar yana nan.

Ni ban san wane ne ya shiga ɗakin haihuwar nan ba, kuma na daina tambaya. Abin da zan ce maku shi ne, in kun je asibiti kun ga likita na gyangyaɗi, kada ku zage shi, ku tambaya tun yaushe yake tsaye. Ku kuma masu tsara ma likitoci aiki, ku ji tsoron Allah, ku tura mai karɓarsu. Don ranar nan wanda ya zo ya yi aikin daidai. Ba ni da tabbacin kullum haka zai yi.