Kallabin da Na Jefa a Shagari

A shekarun farko na mulkin kai ni 'yar rawa ce, kuma ba zan yi wa kowa kwana-kwana ba, da ƙuguna nake ci. Muna zaune a Bodinga gidan magajiyarmu, ranar kasuwa mu bi masu kalangu zuwa Shagari, a buɗe fili bayan la'asar. Al'adarmu, in rawa ta yi zafi sai ki cire kallabi ki jefa wa namiji, ya taso ya yi miki liƙi a goshi, ya maido miki kayanki. Wasa ne, kowa ya sani.

Kowa ban da mutum ɗaya. Wani makiyayi ne daga wajen Horo Birni, dogo, ya kai talatin, amma hankalinsa bai cika ba. Kullum yana tsaye baki sake yana kallona. Ran nan shegantaka ta ɗebe ni na jefa masa, don a yi dariya. Aka kuwa yi. Shi bai yi ba. Ya ninke kallabin a hankali, ya sa a aljihu, ya tafi.

Da kasuwa ta zagayo, ya zo ya yi min liƙin da goshina bai taɓa gani ba. Ashe karsanar uwarsa ya sayar, ita kaɗai gare su. Ya ce, "Ga sadaki, tunda kin ba ni alkawari."

Na samu magajiya na ce mu mayar. Ta ce, "Ke ɗiyata, liƙi ba ya komawa. Kin taɓa ganin tuwon da anka haɗiye ya dawo akushi?" Kada in yi ƙarya, na karɓi rabona, har na yanki zane.

Daga nan na rasa inda zan sa kaina. In na yi masa murmushi, ya je ya sayar da akuya. In na daka masa tsawa, ya zauna a ƙasa yana kuka yana dukan kansa. Har Bodinga yake takowa a ƙafa, ya zauna ƙofar gidanmu. Haushi, tausayi, kunya, duk sun ci ni.

Na nemo wansa a kasuwa, na durƙusa na ce, "Malam, don Allah ku tsare shi gida." Nufina su haɗa shi da kiwo. Ya ce, "Mun jiya."

Makiyayin bai ƙara zuwa ba, kuma wallahi na ji daɗi. Sai bayan damina wata mai nono ta ce min, ai turu suka sa shi.

Na je. Na same shi gindin bishiya a bayan gida, ƙafarsa cikin gungumen icce, idon sawun duk ya ƙuje. Uwarsa ta dube ni ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni! Shi kuwa ya washe baki, ya zaro kallabin nan daga aljihu, fes, ko ƙura babu. Ya ce, "Na san za ki taho. Yaushe za a ɗaura?"

Na roƙi wansa ya sake shi. Ya ce, "In munka sake shi, wurinki za shi. Kina aurenai?"

Ya jira, na ɗauki takalmana na fita.

Ranar kasuwa na shiga fili na yi rawata, don ciki bai san wannan ba. Ban sake jefa wa kowa kallabi ba har na tsufa, amma hakan bai cire ƙafarsa daga turu ba.