Shekara Bakwai Ban Ba Habu Amsa Ba

Wahala dai an sha ta. Shekara goma sha huɗu na yi a ɗakin inji na jiragen ruwa masu dakon kaya, ga zafi, ga ƙara, barci kuwa sai abin da aka samu. Amma ba wannan ke cin raina ba. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Dakta Habu, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Shi ya kawo ni nan ƙasar waje, garin Greensboro, bayan na bar ruwa. Bincike yake yi a jami'a kan lafiyar ma'aikatan jirgi, a garin da sai ka yi tuƙin awa uku kafin ka ga teku. Cikin ma'aikatan jirgi, ni kaɗai yake da shi a hannu. Duk Lahadi zai zo ya ajiye rikoda ya yi ta tambaya. Barci fa? Alhamdulillahi. Kunne fa? Alhamdulillahi. Sai ya dafe kai ya ce, "Haba Yaya, me kake so in rubuta?"

Ɗan boko, bai gane ba. A jirgi, ka ce wa likita wani abu na damunka, a tasha ta gaba za a sauke ka, ejan da ke samo maka aiki ba zai sake kiranka ba. Mu kuma tun a gida ba a koya mana kuka da ciwo ba. Kunnena na hagu tun ina ruwa ya mutu, na dama yana bin sa. Har Habu ya rasu ban faɗa masa ba.

Da zai dawo yau me zai tarar? An mai da tambayoyin cikin waya, ana ta taro, samarin da ke jirgi kuwa amsarsu irin tawa ce. Ni ma ban canza ba. Motar ɗaga kaya nake tuƙawa a sito, ina ta zille wa gwajin kunne kada a raba ni da aiki.

Makon jiya 'yarsa Zainab, wadda ta ci gaba da binciken, ta kunna mini tsohuwar hirarmu. Na kara wayar a kunne, ban ji komai ba sai gunji. Ta kalle ni ta ce, "Baffa, duba abin da Daddy ya rubuta." A gefen takardar da Habu ya rubuta hirar, da hannunsa: "Ƙarya Yaya yake yi. A ba shi lokaci."

Ashe ya sani, bai taɓa kunyata ni ba. Littafin da yake rubutawa kan binciken bai gama ba, amma wannan haƙurin ya bar mana. Allah Ya jiƙansa.

Washegari da safe na je ofishin manaja na ce a sa sunana a gwajin. Daga nan na kira Zainab, na ce ta zo Lahadi, kuma ta zauna ta hannun damana.